Darasin Kimiyya: Daga Hadarin Gabas Zuwa Mahaukaciyar Guguwar Teku

Ɗalibai, bari mu fara da tambayar da kowane manomi a ƙasar Hausa zai ba ku rabin amsarta. Ta ina hadari ke tasowa? Zai ce muku ta gabas. To amma tekun da ke ba mu laimar ruwan yana kudu da mu ne, can wajen Legas da Kwatano. Yaya aka yi ruwa ya fito daga kudu, amma ya zo mana ta gabas? Wannan shi ne bakin zaren darasinmu, kuma idan muka bi shi a hankali zai kai mu har gaɓar Amurka.

Halin sama na yau, da halin da wuri ya saba da shi

Tun farko a raba abu biyu. Akwai halin da sama take ciki a wannan sa'a ko wannan mako: yau an tashi da hazo, jiya an yi yayyafi, gobe ana sa ran zafi. Wannan yana iya juyawa tsakanin azahar da la'asar. Akwai kuma halin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru, kamar a ce a Sakkwato Afrilu watan zafi ne, Agusta na marka, Janairu na ɗari. Masana ba sa yanke hukunci a kan na biyun nan sai sun tara awon shekara 30 a jere sun fitar da matsakaicinsa. Haka Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tsara. Saboda haka damina ɗaya da ta yi gardama ba ta isa a ce yanayin ƙasa ya sauya ba, haka nan ɗari mai tsanani na shekara guda ba ya ƙaryata ɗumamar duniya.

Rana ce ke tuƙa komai

Daga raɓar asuba har guguwar da ke cire itace da saiwa, zafin rana ne mafari. Amma ku lura, hasken rana ba ya ɗumama iska sosai yayin da yake ratsa ta. Ƙasa yake ɗumamawa, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Shi ya sa idan ana hawa sama sanyi ke ƙaruwa, kusan digiri 6.5 na ma'aunin Salsiyas a kowace kilomita. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, dalilin ke nan da Bakano ke neman rigar sanyi idan ya kwana can.

Iska kuma tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa. Wani masani ɗan Italiya, Torricelli, shi ya ƙirƙiro ma'aunin nauyinta, wato baromita, a 1643. Idan iska ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi sakayau, ta tashi sama, ta bar ƙarancin nauyi a inda ta taso. Iskar da ke kewaye, wadda ta fi ta nauyi, sai ta kwararo don cike gurbin. Wannan kwararowar ita ce muke ji a jiki mu ce iska na kaɗawa. Ku riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin a kanta aka gina duk sauran darasin: iska daga wuri mai yawan nauyi take tafiya zuwa mai ƙarancin nauyi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne duniya a karkace take kewaya rana, karkacewar digiri 23.5. Don haka wurin da rana ke tsayawa tsakar ka yana matsawa arewa da kudu a cikin shekara. A Kano takan bi ta kanmu a Afrilu, ta wuce arewa, ta sake dawowa ta kanmu a Agusta.

Iska biyu masu rabon shekara

Shekarar Afirka ta Yamma iska biyu ne suka raba ta. Ta farko ta hunturu ce, busasshiya, mai fitowa daga arewa maso gabas ta ratso hamada. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar lallausan gari. Wurin yana cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, har ƙurarsa takan ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon.

Ta biyu ta damina ce, mai laima, mai fitowa daga kudu maso yamma, daga Mashigin Tekun Gini. Idan bazara ta gasa Sahara, iskar can ta tashi sama, sai ƙarancin nauyin da ta bari ya jawo iskar teku zuwa cikin ƙasa. Inda iskokin biyu suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A Janairu tana kusa da bakin teku. A Agusta takan kai arewa da Agadas, sannan ta juyo. Garin da ke kudu ya fi daɗewa a cikin iskar laima, shi ya sa Fatakwal ke samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano kusan 1,000 ko ƙasa da haka, Agadas kuwa ko 200 ba ta samu.

Akwai wani abu da kuka sha ji a jikinku ba ku san dalilinsa ba. A ƙarshen bazara iska takan juya, gari ya yi gumi, zufa ta ƙi bushewa, amma a yi makonni ba ruwa. Dalili shi ne iskar laima ta ƙarƙashin busasshiyar iska take kutsawa, kuma gabanta siriri ne, ba shi da kaurin da zai ciyar da babban girgije. Sai iyakar ta wuce ka da kilomita ɗaruruwa sannan laimar ke yin kauri a kanka. Manomin da ya yi gaggawar shuka da ruwan farko yakan gamu da wannan: ruwa ɗaya ya sauka, a yi kwana da kwanaki shiru, tsiro ya ƙone.

Yadda hadari ke haɗuwa

Nan ne zuciyar darasin, don haka a nutsu.

Ku tuna tukunya a kan murhu. Wutar da ake zuga mata tana shiga ruwan, ruwan ya zama tururi. Zafin bai ɓace ba, yana ɓoye cikin tururin. Da tururin ya taɓa murfi sai ya koma ɗigon ruwa, ya saki zafin da ya ɗauko, murfin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Haka abin yake a sama. Rana tana mayar da ruwan teku da na ƙasa tururi, tururin ya ɗauki zafinta ya ɓoye.

Da rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska mai laima sai ta fara hawa. Tana hawa tana hucewa. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi mai yawa, saboda haka a wani tsayi tururin zai fara taruwa a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙura ya zama ɗigo-ɗigo. Tarin waɗannan ɗigon shi ne girgije. To, a nan ne abin mamakin yake. Kowane ɗigo da ya haɗu yana sakin zafin da ya ɓoye, zafin ya ƙara wa iskar ɗumi fiye da wadda ke kewaye da ita, ta ƙara hawa, wani tururin ya ƙara komawa ruwa, wani zafin ya ƙara fitowa. Girgijen da kansa yake ciyar da kansa. Cikin abin da bai kai sa'a guda ba, ɗan farin gajimare zai iya zama gungumen hadari mai tsayin kilomita 15 ko fiye, kansa ya baje a sama. A can ƙololuwa sanyi ya wuce na daskarewa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ruwan ƙanƙara a garin da ake fama da zafi.

Abin da ya hau dole ya sauko. Ruwan da ke faɗowa yana ratsa busasshiyar iskar da ke tsakiyar sama, wani sashensa ya sake zama tururi, ya zuƙe zafin iskar. Iskar ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta bazu a gaban hadarin. Ita ce sanyayyar iskar nan da ke riga ruwa isowa, wadda ke sa mata su ruga kwashe shanya. Idan ƙasa a bushe take, kamar a farkon damina, sai ta tayar da jan bangon ƙura. Mutanen Sudan sun san irinsa sosai, suna kiran sa habub. Ita ce kuma mai yaye rufin kwano da karya turakun lantarki. Yawancin ɓarnar da ake yi a garuruwanmu a watannin Mayu da Yuni aikin wannan iska ce, tun ɗigon ruwa bai taɓa ƙasa ba.

Wannan sanyayyar iska ba ɓarna kaɗai take yi ba. Tana shiga ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta ta cicciɓa ta sama, sabon girgije ya haɗu. Ta haka hadari ke haifar hadari, su jeru a layi mai tsawon kilomita ɗaruruwa, su yi ta tafiya dare da rana da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Sau da yawa a kan tuddai suke farawa, irin su duwatsun Azbin, tsaunukan Jos da na Darfur. Mafi yawan ruwan da ke raya gero da dawa a yankin Sahel daga waɗannan jerin hadurran yake. Kun ma san tsarinsu: iska da ƙura tukuna, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, sai yayyafi mai daɗewa da cida daga nesa.

Yanzu ga amsar tambayarmu. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 bisa kawunanmu, a lokacin damina, akwai wata ƙaƙƙarfar iska mai gudu daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafi tsakanin Sahara da yankin bakin teku ne ke haifar da ita. Hadari ta ƙasa yake shan laimar kudu, amma gangar jikinsa tana can sama, inda iskar gabas ke tura shi.

Walƙiya da tsawa

A cikin hadari ƙwayoyin ƙanƙara na gogar juna, wasu na hawa wasu na sauka, har lantarki ya taru, wani iri a saman girgije wani a ƙasansa. Idan tarin ya yi yawa sai ya yi tsalle, ko a cikin girgijen ko zuwa ƙasa. Wannan ce walƙiya. Tana zafafa iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000, kimanin ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ita ce tsawa.

Haske nan take yake iso mu, sauti kuwa mita 340 kawai yake ci a daƙiƙa. Saboda haka idan kun ga walƙiya ku fara ƙirga daƙiƙoƙi har ku ji tsawa, ku raba uku. Abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. Ina roƙon ku, musamman masu zuwa gona da kiwo: muddin kunne na jin tsawa, aradu na iya kai wa gare ku. Kada ku fake a gindin itace, domin abu mafi tsayi take nema. Ku fita daga rafi, ku bar fili, ku shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, kuma ku dakata rabin sa'a bayan tsawar ƙarshe.

Idan hadarinmu ya faɗa teku

Iskar gabas ɗin nan ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa tana yin igiyoyi, sabuwar igiya duk kwana 3 zuwa 5, kowace tana ɗauke da tarin hadari. Su ratsa Nijar da Mali, su fita ta Senigal su faɗa Tekun Atilantika. Yawancinsu a can suke mutuwa. Amma wadda ta tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26.5 ko fiye, ta samu abinci marar yankewa. Tururi ya yi ta tashi, zafi ya yi ta fita, nauyin iska a tsakiya ya yi ta raguwa, iskar kewaye ta yi ta ƙara gudu zuwa ciki.

Sai dai ba ta shiga kai tsaye. Juyawar duniya tana karkatar da duk abin da ke doguwar tafiya a kanta, zuwa dama a arewacin layin ikwaita, zuwa hagu a kudancinsa. Masanin Faransa Coriolis ne ya yi bayanin lissafin wannan a 1835. Don haka iskar sai ta riƙa kewaya tsakiyar tana murɗawa. Idan gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a, ta zama mahaukaciyar guguwa. A Atilantika ana jera ƙarfinta daga mataki na 1 zuwa na 5, na biyar ɗin yana farawa daga kilomita 252 a sa'a. A tsakiyarta akwai fili mai faɗin kilomita gommai da ake kira ido, inda iska ke lafawa har a ga shuɗin sama, amma a gefen idon ne iska ta fi muni. Mutane sun sha halaka saboda sun fito a wannan lafawar suna zaton an gama.

Ga misali na zahiri. Ranar 27 ga Agusta 2017 wata igiya ta bar gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan kwana uku, kusa da tsibiran Cape Verde, ta yi ƙarfin da aka raɗa mata suna Irma. Ranar 6 ga Satumba ta afka wa tsibirin Barbuda a mataki na 5, da iska mai gudun kusan kilomita 285 a sa'a, ta lalata kusan duk gine-ginen tsibirin. Ranar 10 ga wata ta isa Fulorida. Mafi yawan manyan guguwowin Atilantika haka asalinsu yake, daga sararin samaniyar Afirka. Su kuwa gaɓoɓin Najeriya da Gana sun tsira daga irinsu, saboda sun yi kusa da ikwaita inda karkatarwar duniya ba ta da ƙarfi, ga shi kuma igiyoyin yamma suke nufa.

Abin da ya fi kisa a guguwar teku ba iska ba ce, ruwa ne. Tana turo teku gaba ya hau tudu da tsayin mitoci, ta kuma zubar da ruwan sama na fitar hankali. Idai, wadda ta sauka kusa da birnin Beira na Mozambik a Maris 2019, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Amma labarin da nake so ku riƙe na Bangaladesh ne. A Nuwamba 1970, lokacin ana kiran ƙasar Gabashin Pakistan, guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. Daga baya aka gina dogayen mafaka na kankare, aka horar da 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika suna shelar gargaɗi. Da guguwar Sidr mai tsananin ƙarfi ta zo a 2007, waɗanda suka rasu, bisa ƙididdigar hukuma, ba su kai 5,000 ba. Guguwa ba ta rage ƙarfi ba. Mutane ne suka sami labari da wuri, suka kuma sami wurin gudu.

Akwai wata guguwar ta tudu, siririya, mai saukowa daga gindin babban hadari tana murɗawa. Amurka na ganin fiye da 1,000 a shekara. Kada ku haɗa ta da 'yar guguwar bazara da ke kwasar leda da kara a fili, wadda zafin ƙasa kawai ke tayarwa ba tare da girgije ba.

Abin da ke sauyawa

Iskar kabon dayoksaid tana tare wani sashe na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Kafin zamanin masana'antu adadinta kusan 280 ne cikin miliyan. Yau, saboda ƙona gawayin kwal da man fetur da gas da sare dazuzzuka, ya haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye awo. Ga inda abin ya shafi darasinmu: duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Ƙarin tururi kuwa, kun riga kun sani, ƙarin abincin hadari ne.

Kakanninku sun ga farin farkon shekarun 1970 da na 1984. Ruwa ya ɗan dawo bayan nan, amma da sabon hali. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri; a watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe saboda ruwan sama. A Mayu 2025 aka yi mummunar ambaliya a Mokwa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba duk laifin ne na sama ba. Kwatar da aka cika da shara, da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, su ke mayar da ruwan sa'a biyu ya zama makoki. Ku sani kuma ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 60 yana tafiya da mota.

Hasashe

Masu hasashen yanayi suna tattara awo daga tashoshin ƙasa, da balan-balan da ake saki sama, da taurarin ɗan'adam na Meteosat da ke kallon Afirka daga nisan kusan kilomita 36,000, sannan kwamfuta ta lissafa inda iska ta dosa. A Najeriya hukumar NiMet ce ke wannan aiki, kuma duk shekara tana fitar da hasashen damina kafin shuka. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai yi wa ƙasashen Sahel hidima. Hasashen kwana biyu ko uku ya fi na mako inganci, bayan mako biyu kuwa ba a iya faɗin ruwan wata rana takamaimai. Wasu iyayenmu na ƙyamar abin, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Ku yi musu bayani cikin ladabi: Allah ne ke saukar da ruwa, mai hasashe alamu kawai yake karantawa, yadda tsoho ke duban sama ya ce a shigo da awaki. Bambancin kawai shi ne na'urarsa tana hango hadarin tun yana Chadi.

Aikin gida

Kowa ya nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. A kafa shi a fili, nesa da itace da indararo. Kowace safiya da ƙarfe bakwai a sa rula a auna zurfin ruwan da milimita, a rubuta da kwanan wata, a zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, saboda haka ku lissafa mini lita nawa ke sauka a rufi mai murabba'in mita 50 idan an yi ruwan milimita 20. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, domin shi ma awo ne. Ku fara daga ruwan farko, kada ku tsallake ko kwana ɗaya, a ƙarshen damina za mu haɗa na kowa mu fitar da jimillar garinmu.